Bas Mai Ƙaho a Bakin Mayo

Aikin da na koya ba a yin sa a ƙasar nan, kuma na daɗe ban yarda da hakan ba.

Ni haifaffen Vimtim ne, kusa da Mubi, iyayena manoman dawa da gyaɗa. Da na gama makarantar koyon sana'a a Mubi, aka sa sunana cikin waɗanda za a tura ƙasar waje karatun lantarki. Aka kai mu wani ƙaton birni a ƙasar sanyi, inda ruwa ke daskarewa a kan titi har mutum ya zame. Shekarar farko harshensu kawai muka koya. A ta uku aka rarraba mu wuraren gwajin aiki, ni aka tura ni garejin bas-bas na birnin.

Bas-bas ɗin nan ba sa shan fetur, ba sa shan gas. Wayoyi biyu ne aka ja a sama tsawon titi, an ɗaure su a turakun ƙarfe da jikin gidaje. A rufin kowace bas akwai dogayen sanduna biyu da ke miƙewa su taɓa wayoyin. Wuta ta shigo ta ɗaya, ta juya injin, ta koma ta ɗayar. A kan kowace sanda akwai ɗan takalmi mai baƙin dutse kamar gawayi, shi ke goga waya, kuma yana cinyewa, sai an riƙa sauya shi. Tayoyinta na roba ne, tana da sitiyari, tana iya kauce wa motar da ta tsaya a gabanta. Abin da ba ta iyawa shi ne ta rabu da waya.

Wadda aka danƙa ni a hannunta wata tsohuwa ce, gajera, mai kauri, da ta yi shekaru tana tuƙi kafin a mayar da ita koyar da sababbi. Mama nake kiranta da harshensu. Ita ta nuna mini yadda direba ke zaɓar hanya a mararraba: in ya taka wuta yana wucewa, sandunan su bi wayar hagu, in ya ɗage ƙafa ya bar motar ta silale, su bi ta dama. Ita ta kai ni ƙananan ɗakunan da ke unguwa-unguwa, inda ake juya wutar gari ta koma irin wadda injin ke so. Wata safiya muna cikin cinkoso sanda ɗaya ta goce daga waya, aka ji tas, motar ta mutu a tsakiyar titi. Ta miƙo mini safar hannunta.

"Sauka ka mayar," in ji ta.

Na zaga bayan motar, na kama igiyar da ke rataye da sandar, ina ja ina saki cikin sanyi, fasinja sun manna fuska a gilashi suna kallon baƙin mutum. Sai a karo na huɗu takalmin ya hau waya. Da na dawo ta ce, "Ni sau bakwai na yi ranar farko. Zauna."

In muka koma gareji tana shan shayi, sai ta tsaya gaban taswirar da ke bango ta ba ni labarin layukan. Ta ce da can ƙananan jiragen ƙasa ne ke bin titunan, amma shimfiɗa dogo a unguwannin tudu ya yi wuya, sai aka ja waya kawai daga tashar jirgi zuwa babbar kasuwa. Wannan ne layi na farko. Yaƙi ya zo ya kakkarya turakun. Da aka gama, mazan da yawa ba su dawo ba, mata ne suka hau tsani suka sake ɗaura wayoyin, cikinsu har da uwarta. Daga nan duk inda aka gina masana'anta sai a ja mata layi, duk sabuwar unguwa a ja mata layi, har taswirar ta cika kamar saƙar gizo. Ta kan ce abin ba wuya, mutane kawai yake so waɗanda za su tashi kullum su duba waya.

Na dawo gida da takardar shaida da akwati cike da zane-zane. Aka ba ni aiki a wani ofishi, ina gyara fanka da soket. A nan na zauna na zana layi ɗaya tak don Mubi: daga tasha, ya ratsa kasuwa, ya wuce ƙofar asibiti, ya ƙare a wajen makarantu. Na auna titin da ƙafata, na ƙidaya turakun da za a bukata. Na rubuta komai a takarda, na kai wa wani babba a wurin aikinmu. Mutumin kirki ne, ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ɗaga kai ya nuna mini fankar da ke saman mu, a tsaye cik.

"Injiniya, kwana nawa rabon ka ga wannan ta juya?"

Na ce an kwana biyu.

"To wutar da motarka za ta ci, daga ina?"

Na yi masa bayanin cewa ana iya ware wa layin wutarsa. Ya gyaɗa kai, ya ce in bar takardar. Ban sake jin labarinta ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Bayan wasu shekaru na bar aikin, na buɗe rumfar gyaran janareta a unguwar Lokuwa. A nan kam ban rasa aiki ba. Maƙwabcin rumfata mai walda ne, kakansa maƙeri ne da ya zo daga wajen Katsina. Shi Musulmi, ni Kirista, in ya tafi masallaci ni ke duba masa rumfa. Mutum ne mai son ji. Wata rana muna cin rake na ba shi labarin bas-bas ɗin, na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Wato mota ce mai ƙaho," ya ce. "Kamar bijimin kasuwar shanu."

Na ce haka ne.

"To me ya hana mu ƙera ɗaya? Mutanenmu ba sa gane takarda, Injiniya. In sun gani da ido, shi ke nan."

Na yi dariya, amma shi da gaske yake. Yana da fili da bai gina ba a bakin kogi, wanda mu a nan muke kira mayo. Muka samo wata ƙaramar bas da ta gaji da hanyar Michika har injinta ya buga, muka tura ta can. Muka cire injin. A madadinsa na sa injin lantarki na wata motar ɗaga kaya da aka yasar a tsohon sito na auduga. Sandunan ya ƙera su da bututun ruwa, ya sa musu sifirin don su riƙa danna waya. Takalman na yi su da baƙin dutsen nan mai kama da gawayi da ke cikin janareta. Muka kafa turaku, muka ja wayar tagulla biyu, tsawon taku sittin da ƙafata. Wutar kuwa daga injin waldarsa za ta fito.

Rani biyu muka yi a kan abin nan, ranakun Asabar kawai, don kowa na da iyali. Matata ba ta taɓa hana ni ba. Ta dai tambaye ni sau ɗaya, "Baban yara, in ta tashi, ina za ta kai ku?" Na ce ƙarshen fili. Ta ce to.

Ranar da ta tashi, da hantsi ne. Abokina ya tayar da injin walda, ni na zauna a kujerar direba na jawo hannun da muka yi na ba da wuta. Na ji motar ta ɗan girgiza, sannan ta soma tafiya. Ba hayaƙi, ba ƙara, sai wani siririn kuka da na shekara ashirin ban ji ba, da sautin takalma suna goga waya a sama. Matan da ke gangarawa mayo da wanki suka tsaya da kwanoni a ka. Abokina yana bin motar da gudu, dattijo da furfura, yana dukan jikinta yana cewa, "Ta tafi! Wallahi ta tafi!" Na kai ƙarshen waya na tsaya. Na kasa sauka. Sai da ya buɗe ƙofa ya jawo ni.

Muka gayyaci mutane su zo su gani. Direbobi sun zo, da malamai biyu, da wasu 'yan kasuwa. Muka ɗauke su gaba da baya, suna dariya suna tafi. Da aka sauka, wani tsohon direban hanyar Gella ya zaga ya tsaya kan injin waldar, yana kallon hayaƙinsa.

"Oga, wannan me yake sha?"

Na ce gas.

"To ai da a tankin motar kuka zuba, da yanzu ta kai Gella ta dawo."

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na buɗe baki in ce wannan gwaji ne kawai, in da akwai wutar gari ba a bukatar injin. Sai na ga duk sun san haka, kuma duk sun san babu wutar. Kowa ya yi mana sannu da ƙoƙari ya kama gabansa. Babu wanda ya sake dawowa. Mu dai mukan je wasu Asabar ɗin mu tayar da ita, mu yi taku sittin ɗinmu, mu rufe ta da tamfol.

Sai shekarar da 'yan bindiga suka shigo aka gudu daga gari ta zo. Ba na son dogon bayani a kanta. Mun fita da abin da ke jikinmu, muka bi ta duwatsu, abokina da iyalinsa suka bi wata hanyar. Da muka dawo bayan watanni, na je filin. An kwashe wayoyin, an cire injin, an cire tayoyi, bas ɗin na zaune a kan duwatsu. Sandunan biyu ne kawai aka bari, suna miƙe sama babu abin da suke taɓawa. Rumfar abokina ta ƙone da injin waldar a ciki.

Ya ce za mu sake. Ya faɗa sau da yawa. Amma da ya sake kafa rumfa ƙofofi da tagogi ne suka cinye shi, don kowa gyaran gida yake yi. Daga baya ciwon suga ya kama shi, ƙafa ta ƙi, ido ya soma dushewa, ya daina fitowa.

Bara wani da muka yi karatu tare, wanda ya zauna a can bai dawo ba, ya turo mini bidiyo a waya. Titin da na sani ne, gaban tashar jirgi. Ma'aikata a kan mota mai tsani suna datse wayoyin, suna faɗowa ƙasa ana naɗewa. Ya rubuto cewa an rufe layin ƙarshe, an kawo wasu motocin da ba sa bukatar waya, garejinmu kuma za a rushe shi a yi gidaje. Na tambaye shi Mama. Ya ce ai ta daɗe da rasuwa, shi ma a bakin wani ya ji.

Duk shekarun nan, in abin ya dame ni, nakan ce wa kaina ko ba komai a can ana yi. Nakan ce yanzu haka akwai direban da ke ɗage ƙafa a mararraba. Da wannan nake lallashin kaina.

Na ɗauki wayar na tafi gidan abokina. Na same shi a zaure kan tabarma, ƙafar a naɗe. Na kunna masa, ya kawo ta dab da ido, bai ga komai ba sai haske. Na gaya masa abin da ke ciki.

"Can ma wutar ta ɗauke ne?" ya tambaya.

"A'a, Malam. Suna da wuta."

"Mutanen ne suka ƙare?"

"Suna nan. Sun ma fi da yawa."

"To me ya faru?"

Na ce ban sani ba. Na ce wai sun ce wayoyin sun tsufa, gyaransu da wahala, kuma suna ɓata ganin gari. Ya juya wayar a hannunsa, ya miƙo mini.

"Ashe ko mun samu wutar ma," ya ce, bai ƙarasa ba. Ya kira a kawo mini ruwa.

Ya rasu kafin damina ta sauka. Na bi masu jana'iza har maƙabarta, na tsaya daga gefe har aka gama. Bayan an raba gado 'ya'yansa suka sayar da filin, kuma sun kyauta, sun aiko a tambaye ni ko ina son wani abu a jikin bas ɗin kafin 'yan gwangwan su zo. Na ce a'a. Ba ni da wurin ajiyewa, 'ya'yana kuma ɗaya malamar asibiti ce, ɗaya yana sayar da wayar hannu a Yola, babu mai tambayata yadda ake ɗaura sanda.

Amma ranar na je. Mutum uku ne da guduma da kurfi. Suka fara da rufin, suka sauke sandunan, ɗayansu ya ɗaga guda yana jinjina nauyinta, ya tambaye ni ko tutar wata ƙungiya ake ɗaurawa a kai. Na ce a'a, bututun ruwa ne. Kafin azahar sun gama, sun loda a kura biyu.

Na koma rumfa. Aikin janareta ma ya ja baya yanzu, masu hali sun koma sola, marasa hali sun haƙura da duhu. Akwai wani ƙaramin janareta da mai shi ya kawo tun makon jiya bai dawo ba. Na jawo shi, na kwance kabireto, na wanke, na mayar. Ban tayar da shi ba, don babu mai a ciki.