Takun Masu Hawan Tsauni a Benenmu

Ni mutumin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. A Kano aka haife ni, kuma ko Dala ban taɓa hawa ba, don ban ga abin da na ajiye a kansa ba. Shi ya sa da 'yata ta fari ta fara kwasar hutunta tana tafiya tsaunukan Turai da ake kira Alps, abin ya ɗaure mini kai. Yarinya haifaffiyar Bronx, ga aikinta na jinya a asibiti, a ce ta hau jirgi takanas don ta je ta sha wuya! Takan nuna mana hotuna a waya: ƙololuwa fari fat da ƙanƙara ko a tsakiyar zafi, da wata siririyar hanya da ta ratsa tsakanin tsauni biyu, gajimare yana ƙasa da ƙafarta. Ta ce a can iska ba ta cika ƙirji. Kullum amsata ɗaya ce: "To wa ya aike ki?" Sai ta yi dariya ta mayar mini da Turanci, kamar yadda yaran nan suka saba.

Ana nan aka yi mini aikin zuciya, na ajiye tuƙin da nake yi wajen filin jirgi. Gidanmu na unguwar Tremont, nan Bronx, tsohon gini ne, ba lifta, mu kuma a can sama muke. Ranar da aka sallamo ni, mutanen masallaci ne suka hau da ni a kan kujera. Likita ya ce in riƙa motsa jiki, amma idan benen ya gagare ni, sai dai mu tashi. Ɗana da ke New Jersey har ya gyara mana ɗaki a ƙasan gidansa. Gida ne mai kyau, sai dai ba masallaci kusa, ba wanda zan ce wa ina kwana. Gaskiya na ji tsoro, don na san zaman can ne zai ƙarasa ni.

Na yi ta gwadawa. Matsalar ita ce dattijo ba ya son a gan shi yana haki. Da na ji motsin ƙofar maƙwabta sai in ƙara sauri, in yi ta maza. Ga shi a gininmu ba a wuce mutum haka nan. Wata Hajiya 'yar Kumasi da ke hawa na biyu takan tare ni da gaisuwa, ni kuma sai dai in gyaɗa kai, don ba numfashin amsawa, in ɗan ƙara gaba in zube a kan matakala. Har sai da ta aiko wa matata tambaya ko ta yi mini wani laifi ne.

Wata Asabar 'yar tawa ta zo, ta sauko da ni ƙasa, ta tsaya a bayana ta ga hawana.

"Baba, kai race kake yi," in ji ta. "A mountain wanda ya yi haka ba ya kaiwa."

Ta nuna mini takunsu: ka ɗora ƙafa ɗaya, ka miƙe ƙafar baya nauyinka ya zauna a kanta, ka numfasa, sannan ka ɗaga. Ta ce mai yi musu jagora ya koya musu cewa idan mutum ya kasa magana yana hawa, to saurinsa ya yi yawa.

"Don haka ka gaishe ni, Baba. Gaisuwa full, irin taku."

Ni in fara gaida 'yar fari, wadda ko sunanta ba na kamawa! Na harare ta, ko gezau ba ta yi ba. Dole na ce, "Ina kwana?" Ta ce, "Lafiya lau." Na ɗaga ƙafa. "Ina gajiya?" Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Ba gajiya." Haka muka yi ta hawa kamar masu rakiyar amarya, ni ina koyon tafiya, ita tana tono Hausar da ta binne. Duk inda matakala ta juya sai ta ba ni labarin hanyar nan tata: nan bishiyoyi suke ƙarewa, nan ƙanƙara ke farawa, nan ne mutum yake jin ya koma gida amma bai kamata ba. Ranar ban kai ba. Ta ci gaba da zuwa duk Asabar.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci ni kaɗai. Hajiya ta buɗe ƙofa, ni na riga ta gaisuwa. Na tambayi jiki, na tambayi yara, na tambayi mutanen Kumasi, ina hawa ina tambaya, tana amsawa daga ƙasa har ita ta gaji. Ban ankara ba sai ga ƙofarmu. Na dafa bango, hawaye ya zubo mini, na gode wa Allah da ya halicci waɗannan tsaunuka a can nesa don ya yi mini magani da su a Tremont. Na ce wa matata ta kira yaron nan ta ce ya bar wa baƙi ɗakin.

Da zafi ya zagayo, 'yata ta zo sallama da ƙatuwar jakarta a baya. Na rako ta har ƙasa da ƙafata, na ba ta ƙullin dabino. Na ce idan ta ga mai jagoran nan ta ce wani tsoho yana gaishe shi, yana kuma godiya. Ta tsaya tana murmushi, tana jiran tambayar da na saba.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya. Wannan karon ni na aike ki."