Littafin kakanmu da faifan D

Littattafan da kakanmu ya rubuta da hannunsa sun tsira a hoto ne kawai. Ni na ɗauke su da waya, shafi bayan shafi, shekara guda kafin rashin tsaro ya taso danginmu daga ƙauyenmu na wajen Shinkafi. Damina biyu ba kowa a gidan, ɗakin littattafan ya rufta, abin da ruwa ya rage gara ta ƙarasa.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya dawo Ƙaura kusa da ni. Tsohon akawu ne, ya yi ritaya, kuma ya san kwamfuta daidai gwargwado. Shi ya matsa a sa hotunan inda ɗaliban kakanmu na Zurmi da Shinkafi za su karanta ta waya. Na kama hayar saba ta intanet, wato kwamfutar da ba ka ganinta, tana can wata ƙasa kana sarrafa ta daga nan. Na zuba hotunan a ciki, na goge na wayata don in sami wuri. Kawu kuma na buɗe masa shafin sarrafa ta a kwamfutarsa, yana rubuta wa kowane littafi suna. A lokacin ji nake duk Zamfara ba wanda ya kai ni.

Sabar tana da faifai biyu, wato wuraren ajiya. Na farko, C, ƙarami ne, nan hotunan suke. Na biyu, D, ga faɗi ga shi wayam. Akwai wani abu da ake kira fej-fayil, inda na'ura ke sauke kayan da suka yi wa ƙwaƙwalwarta yawa, kamar yadda mai dako ke ajiye buhu ɗaya ya huta. Shi ya kumbura a kan C har sabar ta fara jan ƙafa. Na mai da shi D, na sake kunna ta, komai ya daidaita. Na sha shayina ina yaba kaina.

Ranar Asabar sai ga waya daga Zurmi, wai shafin littattafan ba ya buɗewa. Na duba, fej-fayil ya koma C. Na sake mai da shi. Asabar ta gaba, haka. Na canja girmansa, na kafe harafin faifan, na zargi kamfanin, na zargi intanet ɗin Ƙaura, wanda dama ya saba shan zagi. Akwai wata 'yar takarda da ke zaune a kan D tun ranar farko, da sunanta cikin manyan haruffa. Ban taɓa buɗe ta ba. Ni da nake koya wa mutane kwamfuta, me takarda za ta gaya mini?

A mako na uku C ya cika maƙil. Haushi ya sa na ɗauki jakar hotuna ɗaya na kai D, na goge ta daga C, don sabar ta sami numfashi. Jakar ƙaramin littafin waƙen wa'azi ce, wanda kakanmu ya rubuta da ajami a ƙarshen rayuwarsa. Na ce Asabar zan dawo da ita.

Asabar na tarar da D wayam. Sai a lokacin na buɗe takardar. Gargaɗi ne: wannan faifai na wucin gadi ne, duk ranar da aka kashe sabar gaba ɗaya, sabo ake ba ka. Shi ya sa fej-fayil ke rasa wurinsa ya gudu C. Ban lura ana share faifan ba saboda fej-fayil ɓoyayye ne, ko yana nan ko ba ya nan, wayam za ka gani. Na duba rajistar sabar. Kowace Alhamis bayan la'asar ana kashe ta, kowace Asabar da hantsi a kunna.

Na sami Kawu a zaure yana gyara carbi.

"Kawu, kai ke kashe sabar nan ran Alhamis?"

"Ni ne mana, Juma'a hutu nike. Haka munka saba a ofis. In za a tahi hutu sai a kashe komi, kar wuta ta dawo da ƙarhi ta ƙone kaya."

"Ai ba wutarmu take sha ba, Kawu. Tana wata ƙasa."

"To can ɗin ba a ɗauke musu wuta?"

Da wata rana ce da na yi dariya har da hawaye. Na zauna ƙasa kusa da tabarmarsa. A hanya na shirya yadda zan faɗi maganar ta yadda laifin zai rabu biyu. Da na dubi fuskarsa sai kunya ta kama ni. Mutumin nan kiyaye kayan ubansa yake yi da iyakar saninsa. Na gaya masa gaskiya: ni na ajiye littafin inda aka ce kada a ajiye, kuma ya tafi, ba sauran kwafi.

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, "Wane ciki?"

Na faɗa masa.

"Ɗauko takarda da biro."

Ashe tun su Kawu suna yara, kakanmu kan rera musu waƙen tun kafin ya rubuta shi. Kawu ya rufe ido ya fara, ni ina rubutawa. Muryarsa ba ta da daɗi, amma baitocin suna zuwa a jere. Mun yi shafi shida. A na bakwai ya kawo rabin baiti ya tsaya. Ya koma baya ya sake tahowa, ya tsaya a wuri ɗaya. Sau uku.

Na ce ko in cike da abin da ya dace da ma'anar, tunda an san inda maganar ta dosa.

Ya girgiza kai. "A'a. Ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Bar mishi hili nan."

Na tsallake layi biyu, muka ci gaba. Kafin mu kai ƙarshe na bar irin wannan fili sau goma sha ɗaya.