Tangaran ɗin Inna a bakin hanya

Akwai wata damina a Agadas da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah. Zamanin kwamanda ne, lokacin mulkin Faransa, na zo hutun lakwal, wato makarantar boko, daga Yamai. Ruwa ya sauka da ƙarfi, azarar ɗakin Inna ta karye, rufin ya faɗa bisa jerenta. Kwanonin tangaran da ta gada daga kakarmu, waɗanda raƙuma suka kawo daga Tarabulus, duk suka farfashe. Ta tattara gutsattsarin cikin ƙwarya, ta daina magana.

Baba ya ɗauko wani Anasara magini, mutumen Katalan, wani yanki na Sifaniya, da yaƙi ya koro daga ƙasarsu. Ni ce tafinta, tun da ni ke jin Faransanci. Mutumin surutu gare shi, ni kuwa ba ni da haƙuri. Kullum zancensa ɗaya: wani babban magini na birninsu wanda ya tsani miƙaƙƙen layi, yana kwaikwayon itace da ƙashi, yana lulluɓe bango da fasassun kwanoni. Wai babban maginin ya tsufa yana gina majami'a guda bai gama ba, jirgin ƙasa na cikin gari ya buge shi, mutane suka ɗauka mabaraci ne.

Na kira shi yadda ake kiran Bafaranshe, na ce, "Mushe, mu dai rufi muke so kafin wani ruwan."

Da ya ga ƙwaryar ya roƙa a ba shi gutsattsarin. Inna ta ɗaga kafaɗa, na ce ya ɗauka. Muka tafi suna gidan gwaggo, muka dawo la'asar muka tarar da maza tsaye ƙofar gidanmu. Ashe maginin ya manna gutsattsarin cikin laka bisa ƙofar zaure, ta waje, sun lanƙwashe kamar wutsiyar ƙadangare. Gaskiya ya yi kyau. Wani maƙeri maƙwabcinmu ya ce, "Ashe haka ɗakin gidan nan yake ciki!"

Ranar bakin Inna ya buɗe. "Ke, tambaye shi, a garinsu bisa titi uwarsa ke shanya zanenta?"

Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage komai ba. Na ƙara da cewa jeren mace na ƙuryar ɗakinta ne, ko ƙanin miji ba ya leƙawa. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce a birninsu kyau na masu wucewa ne. Inna ta ce masu wucewa su je su gaji nasu.

Maginin ya ɓamɓare gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya tun lakar ba ta bushe ba. Kashegari Inna ta zauna bisa tabarma da kara a hannu tana nuna masa wuri, shi yana mannawa saman gadonta. Suna nan har yau, mata kaɗai ke ganinsu.

Abin da na koya ke nan: gwaninta ba ta isa ba. Kafin ka ƙawata kayan mutum, tambaye shi idon wa ya yarda ya gani.