Muryar Inna Kulu a Tsohon Zubi

Har yau ban manta da safiyar Talatar da Injiniya Bashir ya shigo ofis ya ce za mu buɗe tsofaffin zubin Zare ba. Saura mako biyu a kama azumi a lokacin. Ku masu gwajin da kuka zo daga baya a buɗe kuka tarar da su, shi ya sa nake so ku ji abin da ya faru kafin nan.

Ga wanda bai san aikinmu ba, Zare harshe ne na rubuta manhajar waya. Injiniya ne ya ƙirƙire shi a ɗan ofishinmu na Gidan Igwai, saman shagon wani tela. Umarninsa duk da Hausa suke: nuna, jira, maimaita, idan. Da shi muka yi darussan koyon karatu na matan aure. Shi ne shugaba, shi ne mai rubutu, ni kuwa mai gwaji ce. Iyakar karatuna sakandare. In na sallami yara makaranta na gama aikin gida, sai in hau keke napep in zo, in ɗauki waya in yi ta danne-danne kamar wadda ba ta taɓa riƙe waya ba, duk inda ta cije in rubuta. Kafin azahar na koma gida.

A lokacin Zare ya kai zubi na huɗu, wanda sai a manyan wayoyi yake aiki. Na ɗaya zuwa na uku su ne ke tafiya a ƙananan wayoyi masu madannai, irin waɗanda ke hannun matan ƙauye, mu kuma ba mu da hannun da za mu ci gaba da kula da su.

Na ce, "Injiniya, buɗewa kamar yaya? Da ma a kulle suke?"

Ya ce asalin rubutun yana hannunmu mu kaɗai. Mutane dafaffe suke samu, yanzu za mu ba su har yadda aka dafa. Kowa ya ɗauka, ya gyara, ya canza, ya ba wani, ba sai ya tambaye mu ba.

"Har wanda ba mu sani ba?"

"Har wanda ba a haifa ba. Sharaɗi guda na, ya ambaci sunan masu shi. Shi aka kira lasisi."

Na juya abin a raina, sai na ce, "Ashe waƙafi ne."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Malama Hadiza, kin hi ni iya bayani. Rubuta hakanan cikin takardar." Ya ce ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a saki, ya riga ya gaya wa malaman da ke koyarwa da darussan, suna jira.

Abin ya burge ni ƙwarai, sai na ce ya nuna mini wurin da za a ajiye. Ya buɗe ma'ajin a kwamfuta. Ashe duk gyaran da aka taɓa yi tun ranar farko yana nan a jere, ko harafi ɗaya aka canza, ga tsohon ga sabon. "Wanga wuri ba shi mantuwa," in ji shi, yana alfahari. Ya koma aikinsa, ni kuma na yi ta gangarawa ƙasa kamar mai kwance adakar kakarta. Na ga kurakuran da ni na kamo da hannuna, na ga ranar da muka gyara ƙ da ɗ da suke fitowa kamar akwati. Can ƙasa na ga wani wuri an rubuta "murya". Na danna.

"Ɗaya. Biyu. Ukku. Huɗu. Biyat." Sai kuma, a hankali, "Madalla, ɗiyata."

Muryar Inna Kulu ce, maƙwabciyar mahaifiyata a Ƙofar Rini, dattijuwa, matar wani malami da ya rasu, wadda ko biki ba kowanne take zuwa ba. Da muka fara, da muryar Injiniya muka yi darussan, mata suka ce kunya suke ji, kamar namiji na tsaye kansu. Ni na je ɗakin Inna na roƙe ta, ni na ɗauki muryar, kuma ni na yi mata alkawari da bakina cewa matan da ke koyon karatu kaɗai za su ji ta.

Na gaya wa Injiniya. Ya ce ai tun zubi na huɗu aka cire ta. Na ce ba na huɗu za a buɗe ba. Ya ce to sai ya share ta daga saman na ukun.

Na ce, "Kai ka ce wurin ba ya mantuwa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ƙirga ce kawai da baƙaƙe, ba wanda ya san ta. In an cire muryar gaba ɗaya, tsofaffin zubin sun zama bebaye, alhali waɗanda ba su iya karatu ba aka yi dominsu. Gaskiya ya faɗa. Amma na ce masa, "Injiniya, tunda ka yarda waƙafi ne, a Islamiyya an koya mana mutum ba ya waƙafi da abin da ba mallakarsa ba. Rubutun naka ne. Muryar aro ce, ni na aro ta."

Ya mayar da tabaraunsa ya ce, "Tahi ki tambaye ta."

Laraba da hantsi na same ta tana tsinke zogale a tsakar gida. Bayan gaisuwa na yi mata bayani yadda na fahimta, ban ɓoye komai ba. Na ce wani yana iya ɗaukar muryar ya sa a abin da ba mu sani ba, ko talla, kuma in ta fita ba ta dawowa. Na zaci ranta zai ɓaci, sai na ga tambayoyi ta shiga yi.

"Har waɗanda ba su jin Hausa?"

"Har su, Inna."

"To mi za su yi da biyat ɗina?" Ta yi dariya. "Kanawa ma dariya za su yi mini. Bayan na mutu hwa, tana nan tana ƙirga?"

Na ce tana nan, in Allah ya so.

Ta ajiye faifan, tana murza ganye a yatsa. Sannan ta ce, "Ƙirga da baƙaƙe na bayar, Allah shi kai ladar kabarin Malam. Amma kar a rubuta sunana."

Na ce ai sharaɗin lasisin ke nan, a ambaci mai abu.

"Ku ambaci naku. Ni wanda nika son shi sani ya sani." Ta ɗaga yatsa. "Sannan madallar nan, ki ciro mini ita. Sadda nac ce ta, ke nika kallo, da matan da kic ce suna jin kunyar koyo da girmansu. Ba kowa nika ce ma ɗiyata ba."

Cire kalma biyun nan ya ci wa Injiniya kwana huɗu, don sai da ya bi tarihin zubi uku yana zare su ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina biye da wayoyi ina gwadawa. Juma'ar ta wuce, ya kira malaman ya ba su haƙuri, sai ta sama aka saki. Inda madallar take ya zama fili, in ɗaliba ta ci amsa sai wayar ta yi shiru. A takardar bayani na rubuta: "A nan sai ka sa muryar wadda za ta yaba wa ɗalibanka. Ka nemi izininta tukuna."

Bayan babbar salla wani malami da ba mu taɓa gani ba ya turo nasa gyaran cikin ma'ajin. Ya mayar da darasin ƙirga zuwa Fulatanci, a filin nan kuma ga muryar wata tsohuwa. Na kai wa Inna wayar. Ta saurara sau uku, ba ta jin ko kalma ɗaya, sannan ta ce, "Wagga ma ɗiyanta taka yi ma."

Tun daga ranar, duk abin da za mu buɗe sai na gangara har ƙasan ma'ajin. Masu rubutu mutanen kirki ne, kyauta ba ta yi musu wuya, sai dai rubutun suke gani, ba su cika tuna wanda aka shiga ɗakinsa aka aro wani abu ba. Wannan aikin mai gwaji ne. In kun gama danna madannai, ku tambaya: na wane ne wannan, kuma me aka ce masa ranar da aka karɓa?