Lambar Sirrin Shagona

Bayan sojoji sun koma bariki, 'yan siyasa suka cika Ƙofar Wambai da rabon sabulu, har na tsani kalmar kyauta. Shi ya sa da mai haɗa wa shagon takalmana shafin intanet ya nuna mini manhajar sauya hotuna, ya ce kyauta ce, sai na haɗe rai.

Na ce, "Malam, kyautar Allah da Annabi, ko ta kamfen?"

Ya rantse ba komai a ƙasa. Na ce lambar sirrin fa? Ya sosa ƙeya, wai a wurinsa za ta zauna, kada in yi ɓarna.

Na ce ya nemo wata manhajar. Ko ƙanina bai taɓa kwana da makullin shagona ba.