Sunan Garin Kakata

Duk ranar da na ji warin daddawa an shanya ta, sai kakata ta faɗo mini a rai, zaune a gindin rumbu a gidanmu na Lafiya, ita kaɗai kamar baƙuwar da ta sauka jiya. Alhali ta haura shekara hamsin a gidan. Tana ƙarama mahara suka kwaso ta daga wani ƙauye a kan dutse. Yarensu ya ɓace mata, hanyar ma haka. Sunan ƙauyen ne kawai ya rage, shi take kira in ta yi tuntuɓe. Fataken gishirin Keana kuwa, duk wanda ya sauka ƙofarmu sai ta tambaye shi ko ya san ƙauyen, ya girgiza kai.

Wata damina, jirgin ƙasa bai daɗe da fara ratsa garin ba, baffana ya dawo daga wajen Turawan mishan da Littafi Mai Tsarki da girman kai fal ciki. Ruwa ya hana zuwa gona, sai Baffa ya tara mu yana karanta mana tafiyar Annabi Musa a jeji, har ya zo kan wani wuri wai shi Tofel.

Kaka ta ɗago kai. "Ina ne nan? Me sunan yake nufi?"

"Inna, Bature ma ya ce ba a tabbatar ba. Malamai sai hasashe suke yi."

Ta ce, "Amma ai an rubuta shi. To, rubuta nawa a gefe."

Baffa ya ce ba a ƙara kome a littafin Allah, zai samo takarda. Ni kuwa dariya na yi, kun san yarinta. Takarda ba ta zo ba har aka yi girbi, Kaka ta kwanta, ba ta tashi ba.

Yau kowane jikana da biro a aljihu, takarda har ƙosai ake ƙunshewa da ita. Bara ƙaramarsu ta zauna gabana ta ce, "Kaka, faɗa mini garinmu na asali in rubuta." Na buɗe baki, abin ya ƙi zuwa. Duk waɗanda zan tambaya suna ƙasa. Wallahi na yi kuka, don Tofel, garin da ba na kowa nawa ba, yana nan daram a kaina, na kakata kuwa ni ce ta ƙarshe da ta ji shi, kuma na yar da shi.