Gumin da Na Bari a Gonar Dabai

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, har in riƙa neman hulata alhali tana bisa kaina, akwai wata safiya da na tabbata ba za ta fita ba. Ita ce safiyar da wani tsoho, wanda na ɗauka ko ganina ba ya son yi, ya shiga banki a Zuru ya tsaya min. Har yau idan na tuna sai na yi ajiyar zuciya.

Ni ba ɗan Nijeriya ba ne. Daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar na fito ina saurayi, da niyyar in ci rani in koma kafin ruwa ya sauka. Ranin ne bai ƙare ba har yanzu. Na fara da ga-ruwa, daga baya wani Ibo mai injin niƙa a bakin kasuwa ya ɗauke ni aiki, ya ba ni ɗaki a bayan shagon. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana, suka tashi suna jin Dakarci, yaren mutanen Zuru, fiye da ni. In ba ranar sabunta katin zama ta zo ba, mantawa nake yi ni baƙo ne.

Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ta fara yawa a hannun mutane, maigidana ya kira ni ya ce girma ya kama shi, zai koma garinsu, kuma zai sayar da injin da shagon gaba ɗaya. Akwai wani mai kuɗi da ya riga ya taya, amma ya ce ni ya fi so in saya. Ya ba ni zuwa ƙarshen kaka. "Idan ba ka kawo ba, ni ba ruwana, zan ba shi," in ji shi. Ban ga laifinsa ba. Sai dai na san mai kuɗin yana da yaransa da zai saka a shagon, ke nan aiki ya tafi, ɗaki ya tafi. A can gida Nijar kuma damina ta ƙi a shekarar, mutanenmu ma gudowa suke yi. Ban ga inda zan kai mata da yara ba.

Ɗan abin da na tara bai kai ko'ina ba, sai aka ba ni shawarar in je ƙaramin bankin al'umma da ke garin, inda nake da ajiya. Wani da muke hira ya ja ni gefe ya ce, "In sun tambaye ka, ka ce kai mutumin Argungu ne ko Kamba. Hausarku ɗaya, wa zai gane?" Na dube shi sama da ƙasa. Ni fa ina da wani hali, ban ce mai kyau ba ne: ba na iya sauya ubana don a ba ni abu. Na yi wanka, na sa rigar sallah, na tafi.

Manajan matashi ne ɗan garin, mai fara'a, kuma ya san ni, domin gidansu a wurina suke niƙa. Ya saurare ni, ya yi ta kaɗa kai, ya ce sana'ar niƙa ba ta mutuwa. Har na fara jin injin ya zama nawa. Sai ya ɗauki biro ya ce, "Wace ƙaramar hukuma ce taka ta asali?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni mutumen Nijar na. Can anka haihe ni."

Ya ajiye biron a hankali. Ya ce doka ba ta hana a ba baƙo rance ba tunda takarduna suna da kyau, amma ba ni da gona, ba ni da gida, ba ni da abin da za a riƙe. "Ba na ce kai mugu ba ne," in ji shi, "amma idan ka shiga mota ka tsallaka iyaka, wa zan kama?" Ya ce sai in kawo mutum biyu 'yan ƙasa, waɗanda albashinsu ko fanshonsu ke biyowa ta bankin, su sa hannu cewa idan na gudu a cire daga nasu.

Na fito ina cewa a raina ai wannan mai sauƙi ne. Ina da mutane. Akwai waɗanda muke sahu ɗaya a masallaci, akwai waɗanda muke cin tuwo a kwano ɗaya, akwai ma'aikatan da na sha yi wa matansu niƙa bashi. Na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce ya yi rantsuwa ba ya tsaya wa kowa, ko ɗan'uwansa. Wani ya ce in dawo gobe, goben kuma aka ce ya yi tafiya, alhali ga babur ɗinsa a zaure. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wanda ya yi ta zuba min addu'a har na gaji da cewa amin, sannan ya raka ni ƙofa. A lokacin na ji zafinsu ƙwarai, na daina gaida wasu. Yanzu da na girma na gane albashin mutum shi ne tuwon 'ya'yansa, kuma tsoro ba mugunta ba ne. Amma a ranakun nan ne na fara jin kalmar baƙo tana min ciwo, a garin da na kwashe ƙuruciyata.

Dawa ta nuna, aka fara girbi. Na lura matata ta sayar da akuyarta, ta fara haɗa kwanoninta cikin buhu. Ganin buhun nan a kusurwar ɗaki ya fi min kowace magana ciwo.

Wata ranar kasuwa, ina tsaye cikin ƙurar gari fari fat, yaran mai kuɗin suka zo suna auna shagon da ƙafa, suna shawarar inda za su fasa taga, ni kuwa kamar ba na wurin. Sai wata malamar firamare da ta kawo niƙan dawa ta tambaye ni su wane ne waɗannan. A nan dole in koma baya kaɗan, don a san ko ita wace ce.

Farkon zuwana Zuru na zauna ɗaki ɗaya da wani saurayi Badakkare ɗan Dabai. Su Dakarkari suna da al'adar da suke kira golmo: saurayin da ke neman aure shi da sa'o'insa za su yi ta noma gonar uban yarinyar damina bayan damina kafin a ba shi ita. Abokin nan nawa ya shiga damuwa, domin yawancin sa'o'insa sun shiga soja, kuma uban yarinyar, wanda shi ma tsohon soja ne, ya ce ba zai rage ko taku ɗaya na gonar ba. Wata rana cikin wasa abokina ya ce ai da Bahaushe yana iya noma da ya gayyace ni. Na tashi tsaye na ce, "Mi kac ce? Mu da munka tashi cikin gona?" Bakina ne ya ja min, washegari na bi shi Dabai.

Abin da ban sani ba shi ne, noman da na sani na rairayi ne, da doguwar hauyar da mutum ke turawa yana tsaye. A Dabai garma ce mai nauyi, ƙasa mai tauri, ga duwatsu, kuma a duƙe ake yi. Kafin rana ta take hannuwana sun yi bororo sun fashe. Tsohon ya zo ya tsaya kaina, ya dubi layin da na yi ya ce da Hausarsa ta bariki, "Wannan noma ne, ko maciji ne ya wuce?" Samarin suka kwashe da dariya. Ya ce in tafi gida, ba ya son a ɓata masa gona. Don haushi na dawo washegari. Ya kai ni inda duwatsu suka fi yawa, na sake dawowa. Haka na yi ta zuwa damina da dama, su suna shan burkutunsu, ni yarinyar tana kawo min kunu daban, kuma ko sau ɗaya tsohon bai taɓa ce min sannu ba. Aka yi auren, abokina ya shiga soja aka kai shi nesa, zumuncin ya koma gaisuwar kasuwa. Yarinyar nan mai kawo kunu ita ce malamar da ke tsaye a gabana.

Ban so in gaya mata ba, don na gaji da roƙo, kuma ko a mafarki ban taɓa sa ta cikin waɗanda zan nema ba. Amma ta matsa, na faɗa mata a taƙaice. Ta saurara, ta ce, "To," ta ɗauki garinta ta tafi. Na ce a raina ita ma ta bi sahun sauran, har gara ita ba ta wahalar da ni da addu'a ba.

Bayan 'yan kwanaki, da safe ina zuba wa inji mai, maigidana ya leƙo da wayarsa a hannu ya ce manaja yana nemana yanzu-yanzu. Na ɗauka za a ce in zo in kwashe ajiyata ne. Ko wanka ban yi ba, na tafi da garin da ke gashin girata.

Ina shiga ofishin na tsaya cak. Ga malamar a zaune da jakarta a cinya. A gefenta ga tsohon, ya rame, gashi ya yi fari, yana sanye da tsohuwar rigarsa ta soja wadda aka goge har ta yi ƙyalli, ya dogara da sanda. Na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana?" Ko kallona bai yi ba.

Manajan ya ce, "Baba, ina so ka fahimta sosai. Mutumin nan ba ɗan ƙasar nan ba ne. Idan ya gudu, fanshonka za mu riƙa cirewa, da albashin malama."

Tsohon ya ce, "Na ji. Kunnena bai mutu ba." Sai ya nuna ni da sanda. "Wannan da kake gani, noma bai iya ba. Har ya gama bai iya ba. Na zage shi, ya dawo. Na kore shi, ya dawo. Na ba shi wurin dutse, hannu yana jini, ya dawo. Kuma matar ba tasa ba ce, ko kaza ba a ba shi ba. Mutumin da bai gudu daga gonata ba, takardarka ce za ta sa shi gudu?"

Manajan ya dube ni da mamaki ya ce, "Kai ka yi golmo? A gonar Baba?" Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki, ya ce shi kansa da aka kai shi golmon yayansa damina ɗaya ya yi ya tsere zuwa makaranta, kuma gonar ba ta kai ta Baba tsanani ba.

Tsohon bai yi dariya ba. Ya ce, "A wurinmu wanda ya yi golmo a gonarka ba baƙo ba ne. Ɗan gida ne. Ni ban san Nijar ba, na san gonata."

Malamar ta miƙa hannu ta karɓi biro ta ce, "Oga manaja, da gumin mutumin nan aka aure ni. Na yi magana da maigidana ta waya, ya ce idan ban sa hannu ba kada in ƙara gaishe shi. Nuna min wurin."

Ni dai ina durƙushe, hawaye suna bin garin da ke fuskata suna yin layi. Ban ji kunya ba. Wani irin sauƙi ne ya sauko min tun daga wuya har ƙafafu, na ji kamar in kwanta a simintin nan in yi barci. Na buɗe baki in yi godiya, tsohon ya katse ni: "Tashi, kana ɓata musu ƙasa da gari." Wannan ita ce magana mafi daɗi da ya taɓa gaya min.

Na koma gida na tarar da matata a ɗaki. Buhun kwanonin na jawo na kwance bakinsa, na fara fitar da su ɗaya-ɗaya ina jerawa a inda suke da. Ta tsaya tana kallona, sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da mayafi.

Injin ya zama nawa kafin a gama girbi, kuma na biya bankin ba tare da an taɓa ko kwabon kowa ba. Duk ƙarshen wata idan tsohon ya shigo gari karɓar fansho, sai ya biyo ta shagon ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya sama da ƙarar inji: "Ba ka gudu ba?" In ce, "Ban gudu ba, Baba." Ya kaɗa kai ya wuce. Haka muka yi ta yi har bayan an gama biya, har watan da na jira shi bai zo ba. Da aka je binne shi a Dabai, tare da sauran 'yan golmonsa na tsaya, ba wanda ya tambaye ni daga ina nake.

Abin da na koya shi ne, mutum bai san ranar da yake yi wa kansa shaida ba. Na yi shekaru ina lissafin waɗanda na yi wa alheri da saninsa, ina tsammanin su ne jinginata, ashe wanda zai tsaya min yana can yana kallona a lokacin da nake aikin da ban sa ran komai a cikinsa ba. Katin zama ya ba ni izinin zama a Nijeriya, amma gumin da na bari a gonar Dabai ne ya mai da ni ɗan gida.